Birkin Malam Sannu

Yayana mai koyar da tuƙin mota ne, kuma duk unguwarmu babu mai kiransa da sunan da iyayenmu suka raɗa masa. Malam Sannu ake ce masa. Sunan ya samo asali ne daga rubutun da ya sa aka yi masa da jan fenti a bayan motar koyarwarsa: "Sannu ba ta hana zuwa." Ragowar maganar, wato "sai dai a daɗe ba a je ba," ya ce wai wuri ne bai isa ba. Ni kuwa na duba da idona, akwai wurin da zai ɗauke ta har da ƙari.

In ka hango layin motoci a titin kasuwa ana ta danna hon, kowa ya leƙo da kai ta taga yana masifa, kada ka ce hatsari aka yi. Je gaban layin. Za ka tarar da wata tsohuwar mota rawaya tana tafiya kamar mai ɗauke da tiren ƙwai, ɗan koyo ya rungume sitiyari yana gumi, Yaya kuma yana gidan mai zaman banza, hannu a harɗe, yana cewa, "Kada ka kula su. Mai sauri ya yi fiffike." A ƙarƙashin ƙafarsa ta dama akwai birki na biyu, irin wanda ake sa wa motocin koyarwa, kuma babu abin da ya kai shi shan wahala a motar. Leda ta taso a gefen hanya, birki. Wani ya ɗaga hannu yana gaida abokinsa, birki. Ni ma a hannunsa na koya, sai da na kusa shekara kafin ya yarda na sa giya ta uku. Amma a faɗi gaskiya, har yau ko madubin wani ban taɓa goga ba, kuma duk wanda ya fito daga hannunsa haka yake. Masu gwajin lasisi da zarar sun ji an ce ɗalibin Malam Sannu ne sai su gyara zama su sha iska.

To wannan bawan Allah, wanda mai keke yake wucewa a kan hanya har ya waiwayo ya yi masa sannu, shi ne kuma babu abin da yake so a duniya, in ka ɗebe iyalinsa, kamar tseren motoci.

Abin ya faro ne tun yana saurayi yana tuƙa tasi. Wani fasinja ya manta da mujalla a kujerar baya, a bangonta akwai hoton wata mota rawaya, gajera har tana shafar ƙasa, tayoyinta a waje. Tasin tasa ma rawaya ce. Shi ke nan, magana ta ƙare. Ya yanke hoton ya liƙa a ɗakinsa, da talabijin ta shigo gidan kuma ya nemo tashar da ake nuna su. Direbobi sun zo sun tafi, shugabannin ƙungiyar sun canza, har launin ma an taɓa surka shi da baƙi, shi yana nan daram. 'Yan Rawaya yake ce musu. In yana maganarsu kuwa "mu" yake cewa, sai ka rantse da shi aka ɗaura injin.

Na taɓa ce masa, "Yaya, kai da ba ka wuce giya ta uku, me ya haɗa ka da masu gudun fitar rai?"

Ya dube ni da tausayi. "Auta, ke har yanzu yarinya ce." A lokacin 'ya'yana uku. "Kowane mahaukaci ya iya taka totur. Tsere birki ne. Ki dubi inda yaran nan suke takawa kafin kwana, ba gaba ba, ba baya ba. Wannan shi ne ilimi."

Ran Lahadin da ake tsere ba ya karɓar ɗalibi da rana. Zai sa wata rigarsa rawaya da ta koɗe ta koma kalar madara, ya ajiye filas ɗin shayi a gefe, ya zauna a kujerarsa da ke fuskantar talabijin. Ni gidana yana bayan nasu, don haka nakan leƙo, ba don motocin ba, don kallon Yaya. In motarsu ta tunkari kwana, jikinsa yakan kwanta gefe, ƙafarsa ta dama kuma ta danne ƙasa da ƙarfi. Bai san yana yi ba. Kafet ɗin falon a daidai wurin ya suɗe har zare ya fito.

Matarsa, wadda nake kira Anti, ba ruwanta da duk wannan. Ita ƙarar ma ciwon kai take sa mata. Abu ɗaya take so a wurin mijinta, ta kuma daɗe tana so: ya koya mata mota. Mutumin da ya koya wa rabin gari, har da wata tsohuwar shugabar makaranta mai rawar hannu, ya kasa koya wa matar da yake kwana yana tashi da ita. Kullum da dalilinsa. In ba damina ba ce hanya da santsi, to ana gyaran titi. In ba ɗalibai sun yi yawa ba, to kulocin motar ne yake so a duba. Babban ɗansu da ke aiki a wani gari har ƙaramar mota fara ya saya mata ya aiko. Aka lulluɓe ta da tamfol a tsakar gida, kyanwa ta mai da ita gado. Kowace safiya Yaya zai ɗage tamfol, ya tayar da motar ta yi ɗumi, ya goge gilashi, ya mayar ya rufe.

Ba gayu ne ya dami Anti ba. Mahaifiyarta, Inna, tana can ƙarshen gari, ƙafa ta yi mata nauyi, ga asibiti da take zuwa a kai a kai. In Yaya yana da ɗalibi, sai Anti ta hau bas biyu ta je ta ɗauko ta, su sake hawa wata. In shi ya kai su kuwa, Inna takan ce wa 'yarta, a gabansa amma ba da shi take ba, "Allah ya yi wa mijin nan naki albarka. Kafin mu isa asibiti ciwon ya gaji ya sauka a hanya."

Alƙawarin ya faru ne a farkon kakar tseren bana, kuma a gabana aka yi shi. A bara 'Yan Rawaya sun yi abin kirki, sun sha hawa dandamalin da ake tsayar da ukun farko a ba su kofi. Bana kuma suka fito da sabuwar mota, aka yaye mata mayafi a talabijin, fitilu suna walƙiya. Yaya ya miƙe tsaye yana tafi shi kaɗai. Anti, wadda ta san lokacin da ake tatsar mijinta, ta fito daga kicin tana goge hannu.

"Malam, tunda yau ranka fari ne, yaushe za mu yaye wa tawa motar mayafi?"

"Maman yara," in ji shi, ido a kan talabijin, "ranar da muka hau dandamali, washegari ki riƙe sitiyari. Na yi alƙawari."

"Auta, kin ji?"

"Da kunnuwana biyu," na ce.

Sai a lokacin ya juyo, na ga fuskarsa ta ɗan canza, don shi a lissafinsa mako mai zuwa ma za a iya hawa. Amma magana zarar bunu ce, ta riga ta fita.

Ashe bai san abin da 'Yan Rawaya suka tanadar masa ba. Kwalliya dai ba ta biya kuɗin sabulu ba. A tseren farko motar ta yi hayaƙi tun ba a je ko'ina ba, direban ya fito ya tsaya a gefe yana kallonta, hannu a ƙugu, irin tsayuwar da kowane mai tsohuwar mota ya sani. Yaya ya ce ba komai, sabon takalmi ma sai ya ciji ƙafa kafin ya saba. A na gaba, yaron da ya fi so cikin direbobinsu biyu, wani siriri mai yawan murmushi da yake kira "yaron namu," ya shigo canjin taya, masu canjin suka fito da gudu da tayoyi uku. Ta huɗun tana can ciki wani yana nema. Yaya ya ɗora hannu biyu a ka.

"Taya uku! Jama'a, taya uku! Keke napep suka ɗauka ya kawo musu? Mai faci na bakin kasuwa ba zai yi wannan ba!"

Bayan nan sai abin ya zama kamar an yi musu baki. Ranar da injin ya yi lafiya, direbobin biyu suka yi karo da juna a kwanar farko, kamar duk faɗin filin ba su ga kowa ba sai ɗan'uwansu. Ranar da ba su yi karo ba, aka sa musu tayar ruwan sama, rana kuwa ta buɗe tarwai. Amma abin da ya fi ƙona wa Yaya rai shi ne wasu mutane da yake kira masu zaman bango. Su ne manyan ƙungiyar, suna zaune a inuwa jikin wani bango a bakin hanyar tseren, kunnuwa a toshe da na'ura, ido a kan kwamfuta, suna yi wa direba magana ta rediyo. Kuma bana maganarsu ɗaya ce: rage gudu, lallaɓa taya, kada ka yi kasada, shigo mu duba. Yaro zai kama na gabansa, yana shirin wucewa, sai ka ji murya a sanyaye tana cewa ya dakata.

Ran Litinin kuma ga Ɗan Gayu. Tsohon ɗalibin Yaya ne, ya buɗe tasa makarantar tuƙi a tsallaken titi, da sababbin motoci da allo mai cewa za ka iya mota kafin wata ya mutu. Shi 'Yan Shuɗi yake goyon baya, su kuwa bana ko da baya suka tuƙa sai sun ci. Yakan tsallako da baƙin gilashinsa, ya rusuna da ladabi har ƙasa.

"Oga, barka da asuba. Na ga mutanenka jiya. Wallahi tarbiyyarka ce sak, ko ɗaya ba su yi gaggawa ba."

"Tsere ba a gama shi a kwanar farko," in ji Yaya, yana goge madubin da ya riga ya goge.

"Haka ne, Oga. Naku ma ai a kwanar farkon yake ƙarewa."

Abin da ban zata ba shi ne Anti. Da farko daga ƙofar kicin take leƙowa ta ce, "Sun hau?" A ce mata a'a, ta koma. Sai ta fara tsayawa da ludayi a hannu. Sai ta ɗosana a hannun kujera. Kafin tsakiyar kaka Anti ta san taya mai laushi da mai tauri, ta san wace tuta ce ke nufin a rage gudu, ta san sunan da Yaya ya laƙaba wa kowane direba. Ta ɗinka ɗankwali rawaya. Wata Lahadi na shigo na tarar ita ce a kan kujerar da ke fuskantar talabijin, Yaya an tura shi gefe, tana nuna allon da yatsa tana cewa, "Yanzu fa za su kira shi, ku gani. Ga shi nan! Ban faɗa ba? Allah ya shirye ku!" Miya ta ƙone ranar, babu wanda ya yi magana.

Ita ce kuma ta gano ƙafar. Yaron namu yana na biyar, ya tunkari wata kwana, Yaya ya danne kafet, sai ga wata mota shuɗiya ta wuce shi fuu. Anti ta dubi talabijin, ta dubi ƙasa, ta dubi mijinta.

"Malam! Ashe kai ne!"

"Ni ne me?"

"Kai kake taka musu birki! Tun ɗazu nake lura. Duk sanda ka danna sai an wuce shi. Auta, zo ki ga kafet."

Muka yi dariya har da hawaye, shi ma ya yi, yana cewa mu ji tsoron Allah, ina falonsa ina ƙasar da ake tseren. Amma Lahadin da ta biyo baya sai ga shi da kansa ya shigo da robar wanki cike da ruwan ɗumi, ya tsoma ƙafafunsa ciki, wai likita ya ce yana da kyau ga jijiya. Ba a yi zagaye nawa ba ya taka birki a cikin ruwan, robar ta kife, muka kwashe sauran tseren muna tsane kafet da tsumma. Yaron namu ya ƙare na goma sha wani abu, don haka aka wanke ƙafar Yaya daga zargi, aka mai da laifin kan masu zaman bango.

Ana cikin wannan raha ne abin ya daina ba Anti dariya. Wata ranar asibitin Inna, Yaya yana da ɗalibai masu gwajin lasisi, ba halin ya bar su. Anti ta tafi a bas. A dawowa ruwa ya tsuge, motoci suka yi wuya, ita da tsohuwa mai sanda suka daɗe a tsaye a ƙarƙashin rumfar wani shago. Daga baya Inna ta kwana biyu tana tari. Da Anti ta dawo gida a ranar, jiƙe sharkaf, ta tsaya a tsakar gida tana kallon farar motar nan a cikin tamfol, ruwa yana gangarowa ta gefenta. Ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi sauƙi.

"Malam," ta ce da ya dawo, "alƙawari kaya ne, na sani, ban ce ka sauke ba. Saura tsere ɗaya. In sun hau, alhamdu lillahi. In ba su hau ba, ran Litinin zan tsallaka titi wurin Ɗan Gayu. Na gaya maka ne don kada ka ji a bakin mutane."

Matar Malam Sannu a makarantar Ɗan Gayu! Ai da an samu abin faɗa a garin nan har jikoki. Na ga maganar ta shige shi.

Ni kuwa raina ya ɓaci, kuma in raina ya ɓaci ba na iya ajiye shi. Washegari na same shi yana wanke motar koyarwa, na ce, "Yaya, wai me matar nan ta yi maka? Ka koya wa mai rawar hannu, ka koya wa wanda bai san dama da hagu ba, ka koya mini ni da ka ce kaina kamar dutse. Ita ce ba za ta iya ba?"

Ya daɗe yana matse soso. "Za ta iya. Ta fi ki kai nesa ba kusa ba."

"To?"

"Auta, in ɗalibi yana tuƙi, hanya nake kallo. Ita in ta zauna a wurin nan, ba zan ga hanya ba. Duk babbar motar da ta taho sai in ga kanta ta nufa. Na san abin da titi yake yi wa mutane, na gani da idona. In wani abu ya same ta, ni na koya mata." Ya watsa ruwa a gilashi. "Tsoro nake ji, shi ke nan. Kada ki gaya mata."

Na zo da faɗa cike da baki, na koma da shi. Tausayinsa ya kama ni, haushinsa kuma bai sake ni ba.

Ranar tseren ƙarshe falon ya cika. An ɗauko Inna tun da safe, tana kan doguwar kujera da bargo a ƙafa. Anti da ɗankwalinta rawaya, Yaya da rigarsa mai kalar madara. Ban san me yake roƙo a zuciyarsa ba, kuma ina jin shi ma bai sani ba.

Sai Allah ya kawo ruwan sama a filin tseren. Motoci suka fara zamewa, wannan ya juya, wancan ya shiga tsakuwa, har ɗaya daga cikin 'Yan Shuɗi ya daki shinge. Yaron namu kuwa kamar an haife shi a cikin ruwa. Ya wuce wannan, ya wuce wancan. Na shida. Na biyar. A wata doguwar kwana ya bi ta waje ya wuce biyu a lokaci ɗaya, sai ga lambarsa ta hau ta uku a gefen allo. Anti ta yi guɗa. Inna ta farka tana tambaya wa ya haihu. Yaya yana tsaye, ya manta da tsoro, ya manta da alƙawari, yana ta "Haka ne, yaro! Haka ne!"

Saura kaɗan a gama sai muryar nan mai sanyi ta shigo ta rediyo. Tayoyinka sun gaji, shigo a canza. Yaron ya ce lafiyarsu ƙalau, yana jin motar a jikinsa, a bar shi. Muryar ta ce ba za su yi kasada ba, ya shigo.

Ban taɓa jin Yaya ya ɗaga murya irin ta ranar ba.

"Ku bar yaron nan ya yi tuƙi! Shi ke riƙe da sitiyari, ya ce muku zai iya! Ku kuna zaune a inuwa, tsoro ya cika muku ciki! In ba ku yarda da shi ba, me ya sa kuka ba shi mota? A ba mutum mota a hana shi tuƙawa? Wallahi ba injin ne ya kashe mu bana ba, tsoron na gefe ne!"

Yaron ya shiga. Aka canza tayoyin, huɗu cif wannan karon, ya fito na shida, ya yi ta maza ya ƙare na huɗu. Taki ɗaya tsakaninsa da dandamali.

Inna ta gyara bargonta, ta dubi 'yarta.

"Ni ban san kan wasan nan ba. Amma mijin nan naki ya iya magana. Wa aka ba mota aka hana shi tuƙawa?"

Anti ta miƙe. Ta kwance ɗankwalin rawaya, ta ninke shi a hankali, ta tattara kofuna. A bakin ƙofar kicin ta ce, "Auta, da ƙarfe nawa Ɗan Gayu yake buɗewa?" Yaya yana tsaye inda yake, yana kallon wurin da kafet ya suɗe.

Ran Litinin na zo da wuri, don na ce zan raka ta, kada ta tsallaka titin nan ita kaɗai. Ta fito da jakarta da takalmi marar tsini. Muna buɗe ƙofar gida sai ga motar koyarwa a tsaye, an wanke ta tas, ƙofar direba a buɗe, makulli a kan kujera. Yaya yana gidan mai zaman banza, ya ɗaura bel, yana kallon gaba kamar wanda za a cire wa haƙori.

"Ba su hau ba fa, Malam," in ji Anti.

"Na huɗu ma ba laifi. Shigo, rana tana yi. Auta, shiga baya, ke ce shaida."

Ashe Anti ta daɗe tana kallon hannun mijinta da ƙafarsa. Ta gyara kujera, ta gyara madubi, ta taka kuloci, ta sa giya, motar ta tashi sumul ko tari ba ta yi ba. Ba mu yi tsawon gida biyu ba sai ƙiii, muka yi gaba muka dawo. Wata kaza ce a can nesa. Aka sake tashi. Ƙiii. Wani mai babur ne da ko tayar da babur ɗin bai yi ba. A karo na uku goshina ya bugi kujera, kuma har yau ban san me ya gani ba.

Anti ta kashe motar, ta juyo gaba ɗaya.

"Malam, mota ɗaya, direba ɗaya. Ko kai ko ni. Jiya me ka ce wa masu zaman bango?"

Sai na ga ya sunkuya ya cire takalmansa, ya ajiye su a gefe. Ya ɗago ƙafafunsa biyu ya tanƙwashe su a kan kujera, dattijo da furfurarsa, ya kama idon sawunsa na dama da hannu biyu ya riƙe gam.

"Bismillah," ya ce. "Hanya taki ce."

Muka bi layin har ƙarshe, muka fita babban titi. Ɗan Gayu yana bakin makarantarsa yana shan shayi. Ya ga matar ogansa a sitiyari, ya ga ogan a naɗe a kan kujera ido a rufe rabi, ya cire gilashinsa don ya tabbatar. Anti ta danna masa hon sau biyu ta wuce. A ranar ta sa giya ta uku, abin da ni na yi kusan shekara ina jira, kuma na faɗa musu ban yafe ba.

Da lasisinta ya fito, aka yaye tamfol, kyanwa ta nemi wani wurin kwana. Safiyar da za ta fara zuwa ɗauko Inna ita kaɗai, muna tsaye ni da Yaya a ƙofar gida. Ya duba mata taya, ya duba mai, ya sake duba taya, har ta ce in bai matsa ba za ta makara. Farar motar ta miƙe layin, da ɗankwali rawaya ɗaure a madubin ciki, ta nufi kwanar da ke fita babban titi. A daidai lokacin wata babbar mota ta taho.

Ni ban kalli motar ba, ƙafar Yaya na kalla. Ya ɗaga yatsunta daga ƙasa a cikin silifa, amma bai taka ba. Can fitilun birkin Anti suka kawo ja. Ta tsaya, babbar motar ta wuce, ta kunna sigina, ta sha kwana ta ɓace.

Ya sauke ƙafar a hankali, ya goge ido da bakin hannun riga, wai ƙura ce.

"Kin ga inda ta taka, Auta? Ba gaba ba, ba baya ba." Ya juya zai shiga gida, sai ya tsaya. "Da ita suka ba motar nan bana, da mun hau dandamali."